In Ladan Ya Fara, Hannu Ya Sauka

Ranar Asabar da ta wuce, a ajin da ƙungiyar matasa ta buɗe muku a Maamobi, nan Accra, ku da za ku riƙa koya wa makafi kwamfuta, na cinye awa guda cur a kan yadda ake cire fendiraib, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa, daga jikin na'ura. Daga bencin baya na ji wani ya ce, "Cale, aboki, wannan ma darasi ne? Ba ja kawai ake yi ba?" Aka yi dariya. Ban tanka ba. Ni dama ba na iya mayar da magana a cikin taro, sai na kai gida amsa ke zuwa mini. Don haka na zauna na rubuta, na ba sakatarenku ya raba muku. Wanda ya ga ta yi masa tsawo ya karanta rabi, amma rabin ƙarshe.

Shekara goma sha shida ke nan ina wannan aiki a shago ɗaya, kusa da mahaɗar Kawukudi. Na shiga ne ina jiran sakamakon jarrabawa, da niyyar in yi wata uku. Har yau ina karatun ƙarshen mako, in ɗauki kwas in ajiye, in sake ɗauka, shi ya sa furfura ta fara leƙo mini amma unguwa ba ta daina kirana Ɗan Makaranta ba. Maigidana Masta Nii ne, ɗan ƙabilar Ga, wanda ya tashi a cikin Zongo har ya fi iya zagi da Hausa a kan yarensa. Wata biyu na farko bai bar ni na taɓa sukudireba ba. Tsohon buroshin haƙori ya ba ni, in riƙa goge datti daga fankar cikin na'ura, da gwangwanin madara inda zan riƙa zuba ƙananan kusoshi. Kayan aikin da na kawo da kaina guda ɗaya ne, littafin rubutu mai baƙin bango. Duk na'urar da na buɗe sai na rubuta abin da na gani da abin da na yi. Masta yakan leƙo ya ce, "Kai kana gyara injin ne, ko kana rubuta tarihin kakan shi?" Yanzu littattafan sun kai ashirin da ɗaya, suna cikin akwati a ƙarƙashin tebur. Ɗaya daga cikinsu zai shigo labarin nan.

Aikin makafi ya same ni ne ta hannun Rahinatu, wata ɗaliba makauniya da ta zo da laftof ɗinta naɗe cikin zane, ta ce muryar da ke karanta mata allo ta yi shiru. Masta ya juya na'urar, ya sake juyawa, ya ce shi bai san wannan ba. Na ce a bar mini. Kwana uku ina karatu a kai kafin na gane inda aka kashe muryar. Ran da ta dawo, Rahinatu ta ce, "To, ka jawo wa kanka." Gaskiya ta faɗa. Labari a unguwar Nima ba ya biyan kuɗin motar trotro. Kafin shekara ta zagayo, Masta ya ware tebur guda a lungun shago, da tsohuwar kwamfuta da 'yar sifika mai abin murɗawa, ya ce wannan na mutanen Ɗan Makaranta ne.

Ku fara gane abin da kuke da shi wanda su ba su da shi. Kai mai ido, in za ka cire fendiraib, kana ganin 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa, ka san ana rubutu a ciki, ka dakata ko ba ka yi niyya ba. Kana ganin saƙon da ke fitowa a kan allo, ko ba ka karanta ba idonka ya ɗauka. Makaho ba shi da ko ɗaya. Kunne gare shi da yatsa. Ita kuwa kwamfuta halin mai awo gare ta a ranar da kasuwa ta cika: takan ce maka "na zuba" alhali mudun ƙarshe yana hannunta. In ka janye buhunka a lokacin, abin da ya zube ya zube. Mafi muni shi ne ka ja a daidai lokacin da take gyara jerin da ke nuna inda kowane fayil yake. Kayanka suna nan ciki, amma babu wanda ya san inda aka sa su, har ita kanta.

Saboda haka ake neman izini, kuma hanyar gajera ce. A rufe duk abin da aka buɗe daga cikin fendiraib ɗin. A danna maɓallin nan mai hoton taga tare da harafin B, a bi da kibiya har murya ta ambaci wurin cire na'ura, a danna Enta, a zaɓi sunan abin da ake son cirewa, a sake danna Enta. Sannan a ɗauke hannu a saurara. Muryar za ta faɗi ɗayan biyu da Turanci: ko dai yanzu ba laifi a cire, ko kuma ba zai yiwu ba, ana aiki da shi. Maɓallan kowa zai haddace su a yini ɗaya. Sauraron nan shi ne sana'ar.

Sauran dabarun a hankali na tara su, yawanci bayan an yi ɓarna. Ina ɗiga gam a kan maɓallin taga, ya bushe ya zama ɗan tudu, yatsa ya same shi ba tare da lalube ba. Kowane fendiraib ina ɗaura masa zare da ƙwayar tasbaha, wannan ɗaya, wancan biyu, kuma in raɗa masa suna a cikin kwamfuta don murya ta kira shi da sunansa, ba da harafi ba. Na taɓa ganin mutum ya nemi izinin na hagu ya zare na dama. Tun daga nan na hana a soka biyu a lokaci guda sai in dole. Babban faifan ajiya mai waya kuwa, Rahinatu ce ta koya mini nasa. Ta ce, "Kai kana ta neman fitila, ɗora tafin hannunka mana." Na ɗora, na ji yana 'yar rawa kamar jikin firji. Ta nemi izini, muka jira, rawar ta mutu a ƙarƙashin hannuna. "Yanzu ya kwanta," in ji ta. "Yanzu za ka ɗauke shi."

Sai kuma masu taimako. Ku ji tsoronsu fiye da bairos. Mutum ya shigo yin fotokofi, ya ga makauniya tana laluben gefen na'ura, tausayi ya kama shi, ya ce, "Bari in taimake ki, 'yar'uwa," ya zare ya miƙa mata, ya tsaya jiran godiya. Haka Rahinatu ta rasa babi biyu na aikin makarantarta. Ta kuma ce masa ta gode, don me za ta ce?

Amma aikin da ya sa nake cinye muku awa guda na Baba Yakubu ne. Baba ya yi shekaru yana bukman a tashar motocin doya ta Agbogbloshie, shi ke rubuta mota da kaya da direba. Duk wanda ya sauko daga arewa neman aikin lodi ko dako, ta gaban teburinsa yake wucewa. Ya ga yadda baƙo ke mutuwa a Accra a rasa wanda za a sanar, sai ya buɗe wata rajista tasa ta kansa: sunan mutum, garinsu, sunan uba, da wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Ba wanda ya sa shi. Da ciwon ido ya rufe masa gani, littattafan suka zama ba su da amfani a hannunsa. 'Yarsa ta riƙa kawo shi shagonmu, tana karanta masa yana bugawa, don ya iya tafireta tun zamanin tasha. Sun gama da 'yan watanni ruwa ya cika babbar kwata ya shiga gidajen da ke bakinta, har da na Baba, littattafan suka zama kunu. Rajistar ta rage a wuri guda tak: fendiraib mai ƙwaya ɗaya da ke rataye a wuyan Baba, cikin riga.

Na ce masa mu yi kwafi, ya ƙi. Ya ce, "Amanar mutane ce, Ɗan Makaranta. Akwai wanda ya gudo daga gida, akwai wanda ya ce wa mutanensa aikin ofis yake yi. Sun faɗa mini ne don ranar mutuwa, ba don a zuba su a injin da kowa ke kallon ƙwallo a kai ba." Ban ja ba. Sau ɗaya na faɗa, ya ce a'a, na rubuta a littafi cewa ya ce a'a.

Muryar kwamfutar ta mace ce, Baba ya raɗa mata Madam. Turancinsa na tasha ne, amma ya haddace maganganunta kaf. In ya gama aiki yakan ce, "To Madam, a ba mu izini mu tafi." In ta ce ana aiki da shi, ya ce, "Ka ji ta, yau ma mulkin ya motsa." Bai yarda da abin sa wa kunne ba. Ya ce kunnuwan nan biyu su ne idanunsa, ba zai toshe su saboda wata Baturiya ba. Da sifika yake aiki. A cikin ɗalibaina duka babu wanda ya kai shi bin ƙa'ida.

Sai dai abu ɗaya. Baba ba ya barin wata murya ta hau kan ta ladan. Da an ce Allahu Akbar hannunsa na kan abin murɗa sifika, ya kai shi ƙasa, Madam ta yi shiru, shi kuma ya shiga amsa kira. Kun san yadda kiran salla yake a nan, wannan masallaci na gamawa wancan na farawa, a daɗe ana yi. Baba ba ya zaman banza a lokacin. Bakinsa na amsawa, yatsunsa na danna maɓallan da suka haddace, ya ƙirga uku a zuci, ya zare, ya rataya, ya ɗauki sanda. Yana neman izini, amma ya riga ya rufe bakin da zai ba shi amsa.

Na lura da wannan wata azahar. Na buɗe littafi na rubuta: "Baba yana kashe murya lokacin kiran salla, yana cirewa bai ji izini ba. A faɗa masa." Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ban faɗa masa ba. Ta yaya zan ce wa dattijo, sa'an kakana, akwai gyara a abin da yake yi don girmama kiran salla? Kullum in ce gobe, in na sami lafazin da ya dace. Kullum kuma fendiraib ɗin yana buɗewa lafiya, don yawanci kwamfutar ta riga ta gama rubutunta kafin ya ja. Haka ganganci yake, yakan ƙyale mutum sau arba'in.

Wannan kuwa a shekarar dumso ne mai tsanani, lokacin yawancinku kuna firamare. A kawo wuta yini ɗaya a ɗauke biyu, jadawalin da ake bugawa ma ba a bin sa. Shaguna uku a layinmu suka rufe. Masta ya sayar da injin fotokofi ɗaya, ya koma gyaran tocila da fankar caji. Na'urori da yawa sun ƙone a shekarar, amma abin da ya fi lalacewa hali ne. Kowa ya koyi gaggawa. Da an ji unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta, sai ka ga mutane na gudu da waya da dutsen guga da fendiraib, kowa na son ya gama kafin a ɗauke. Mai jira ya zama wawa.

Wata Juma'a aka kawo wuta wajen ƙarfe sha ɗaya, bayan kwana biyu babu. Baba ya iso da sunayen sababbin zuwa a ka, tun Laraba yake maimaita su kada su zube. Ya zauna ya buga. Ni ina kan firinta, mutum shida na tsaye a kaina. Ladan ya fara. Na waiga na ga hannun Baba ya tafi ga sifika. Ya danna ajiya, ya bi da maɓallansa. Tsohuwar kwamfutar nan a ranar jan ƙafa take yi, rajistar kuma ta yi nauyi. Daga inda nake ina hango 'yar jar fitilar tana ƙyaftawa, da saƙon ƙin yarda a tsakiyar allo. Na buɗe baki. Baba yana cikin amsa shahada, ba a katse mutum a wannan wuri. Ya zare. Ya rataya a wuya, ya ce, "Ɗan Makaranta, za ka rasa sahu." Na ce wa kaina sau nawa aka yi haka ba abin da ya faru, in mun dawo zan duba. Kafin mu dawo an ɗauke wuta, Baba ya wuce gida.

Washegari da hantsi Alhassan, shugaban 'yan lodin doya, ya shigo riƙe da hannun Baba, mutum uku na biye da su. Wani ɗan lodi, Fuseini Dogo, ya rasu da asuba a asibiti bayan zazzaɓin kwana uku. Shekara takwas yana tasha, babu wanda ya san ko da garinsu da tabbaci. An kai shi masallacin layinsu Alhassan a Maamobi, inda suke da makara da wurin wanka.

"Yana ciki," in ji Baba, yana ciro zaren daga wuya. "Na tuna ya ce yayarsa, ya ce kada a neme ta sai ya mutu. Sunanta da lambarta kuwa, Madam na ba ajiya."

Babu wuta. Masta ya ciro wata laftof da aka kawo gyara, mai sauran caji, na soka. Maimakon rajista sai saƙo ya fito: ba a iya karanta wannan faifai, a share shi tas ya koma sabo? Ɗaya daga cikin mutanen ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Danna yes mana, muna sauri." Na kife hannu biyu a kan kibod. Ku riƙe wannan ma: duk ran da na'ura ta yi wa ɗalibinku wannan tambaya, amsar a'a ce, sannan ya kawo muku.

"Me aka ce?" in ji Baba.

"An ce ba a gane shi ba, Baba."

"Jiya-jiya aka gane shi."

"Haka ne, Baba."



Akwai manhajar da ke bin faifai lungu-lungu tana tsinto abin da ya ɓace, amma tana son awoyi da wutar da ba ta yankewa. Muka kinkimi kwamfutar shago zuwa wurin wata Hajiya mai sayar da kifin ƙanƙara, ita kaɗai ke da janareta a layin. Ta ce, "Don gawa ne? Ku zauna." Na zauna a kan akwatin kifi, allo a kan firji, Baba a gefena kan kujerar roba, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Jim kaɗan ya ce, "Ina aka kai?" in faɗa masa, jim kaɗan ya sake tambaya. Dab da azahar man janareta ya ƙare. Kafin a zuba wani komai ya mutu, muka koma farko.

Alhassan ya dawo bayan salla, hannun rigarsa jiƙe da ruwa.

"Baaba, an wanke shi, an sa likkafani. Yaya?"

"A ƙara mana kaɗan."

"Kaɗan nawa? Ɗan Makaranta, faɗi tsakani da Allah, yau zai fito?"

Na ce ban sani ba.

"Gawa ba ya jiran kwamfuta," in ji shi. "Kuma ba za mu sa ɗan'uwanmu a firji kamar kifin Hajiya ba. Bayan la'asar za mu kai shi."

Ba wanda ya ce bai yi daidai ba. Aka yi shela a lasifikar masallaci cewa wani baƙo ɗan lodi, Fuseini, ya rasu, a zo salla. Baba ya tafi jana'iza. Ni na zauna da kifi.

Sai ranar Talata na sami abin da zai samu. Rajistar ta fito gutsi-gutsi, wani shafi lafiya lau, wani kamar rubutun aljanu, wani babu shi sam. Na bi layi-layi da yatsa a kan allo. Fuseini yana ciki, ko ɗigo bai ɓace a layinsa ba: garinsu, sunan ubansa, sannan "yayarsa Azara, mai koko, Maamobi, bayan masallaci," da lamba. Na karanta wa Baba da Alhassan. Alhassan ya dafe kai. "Shi ya sa! Shekara takwas, ko suna ko biki, in ka ce Maamobi sai ya ce ƙafar shi na ciwo."

Baba ya ce wannan ba maganar waya ba ce. Muka tafi mu biyu, yana dafe da kafaɗata. Layi biyu ne tsakanin gidanta da masallacin da aka sallace shi. Muka same ta tana wanke tukunyar koko, ta gama cinikin safe. Baba ya yi sallama, aka ba shi benci, ya fara faɗa mata yadda dattawa ke yi, a hankali, daga nesa. Ta ce ai nata Fuseinin direba ne a Kumasi, duk ƙaramar salla da babba yana kiranta. Baba ya ambaci sunan ubansu da na garinsu. Ta ajiye soson.

"Ran Asabar?" ta ce. "Bayan la'asar?"

"Ran Asabar, 'yata."

"Na ji shelar. Ina nan tsaye ina tace ƙullun gobe. Na ce Allah ya jiƙan baƙo, ko ɗan wa ne." Ta goge hannu a zane, ta daɗe tana gogewa. "Da makarar ta zo wucewa ta bakin layi, ni na janye bencin nan don su sami hanya."

Daga nan ta tambayi wanda ya yi masa wanka, da ko likkafanin sabo ne. Baba ya ce Alhassan ne da hannunsa, likkafani kuma sabo. Ta ce to, ta gode.

Da muka koma shago na ciro littafin, na buɗe shafin, na karanta wa Baba abin da na rubuta, har na gaya masa na ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Yaushe ka rubuta?"

"Mako biyar ke nan, Baba."

"Wa ka rubuta wa?"

Na rufe littafin.

"Ka san ba na gani. Takarda ba ta magana da makaho, Ɗan Makaranta. Da ka ce mini, Baba, Madam na magana ka toshe mata baki, da na zage ka, da kuma na ji." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Ni ma da nawa laifin. Ka ce mu yi biyu na ƙi. Amma kai ma sau ɗaya ka faɗa, kamar mai taya kayan da ba zai saya ba."

Bai daina kashe sifika ba, ni ma ban nemi ya daina ba. Shi ya kawo gyaran da bakinsa: in ladan ya fara, hannu ya sauka. Ba dannawa, ba zarewa, hannu biyu a kan cinya har a gama kira. Sannan a murɗo murya, a nemi izini, a ji da kunne. In sahu zai wuce, a bar fendiraib a jikin na'ura a tafi salla, ni in kulle shago a kansa. Ya yarda da kwafi na biyu, mai ƙwaya biyu, cikin gwangwani a ɗakin 'yarsa. Sunayen da suka ɓace kuwa, mun yi wata da watanni muna zuwa Agbogbloshie ranar Lahadi, yana tambaya ina rubutawa. Wasu sun sake faɗa. Wasu sun riga sun koma arewa. Wasu suka ce sun faɗa sau ɗaya, ba za su ƙara ba. Akwai layukan da har yau rabi ne, suna babu gari, lamba babu suna. Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Rajistar tana hannun 'yarsa, ni ke sabunta mata kwafin duk wata.

Na gaji da wannan darasi, ba zan ɓoye muku ba. Duk ajin da na shiga sai an sami mai dariya a bencin baya. Na'urorin yanzu sun fi na da haƙuri, wannan gaskiya ne, sau da yawa za ka ja ba abin da zai faru. Wasunku suna cewa a ajiye komai a intanet, kamar kyauta ake raba data a Nima. Amma ɗalibanku za su zo muku da fendiraib a wuya ko ƙulle a bakin zane, kuma ba za su gaya muku abin da ke ciki ba. Shi ya sa nake kashe muku allo in sa ku yi da kunne, sau goma, sau ashirin, har ku ƙosa. Kada kuma ku koya wa mutum maɓallai ku sallame shi. Ku zauna da shi har lokacin salla ya riske ku tare, har wani ya yi sallama a ƙofa, har waya ta yi ƙara a aljihunsa, ku ga abin da hannunsa ke yi a lokacin. Kowa da nasa. In kun gani ku faɗa a take, da baki, ko da sa'an kakanku ne, ko da zai zage ku. In ya ce a'a, gobe ku sake faɗa.

Na sani, ga shi ni ma rubutawa na yi maimakon in amsa wa mai dariya a aji. Ku kuna da ido, takarda za ta yi muku magana. Mma Azara har yanzu tana sayar da koko a wurin nan, bayan masallaci, kusa da ajinku. Ta nan ne hanyata mafi kusa daga Kawukudi. Shekara goma ke nan ina zagayawa ta babban titi.